CIBIYAR ATAM MA TANA RAWA: LABARIN GIRGIZAR GAYYA

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba. Ku gyara zama, yau kimiyya za mu shiga, mai zurfi ma kuwa, amma na yi muku alkawari ba zan jefa ku cikin lissafi ba.

Bari in fara da tambaya. Kullum a labarai muna jin ana rigima a kan "tace yuraniyum". An ce ƙasa kaza ta tace zuwa kashi kaza, an ƙaƙaba mata takunkumi, an zauna taro, an tashi baram-baram. To me ya sa sai an tace shi? Tun 1971 ake haƙo yuraniyum a Arlit ta Nijar. Me ya sa mafi yawan tashoshin lantarki na nukiliya ba sa iya amfani da shi yadda ya fito daga ƙasa? Amsar tana cikin wani abu da ba kasafai ake faɗa mana a aji ba: cibiyar atam ba dutse ba ce da ke zaune shiru. Tana girgiza, tana juyawa, har numfashi take yi. Yau wannan rawar za mu bi.

Mu fara daga tushe. Duk abin da kake gani, daga wayar hannunka har tuwon da ka ci, atam ne suka haɗu suka yi shi, abin da wasu ke kira ƙwayar zarra. A 1911 Ernest Rutherford, a Manchesta ta Ingila, ya gano cewa kusan duk nauyin atam yana dunƙule ne a wata 'yar mitsitsiyar cibiya a tsakiyarsa. In atam ɗin yuraniyum ya kai faɗin filin ƙwallo, cibiyarsa ba za ta wuce ƙwayar dawa da aka ajiye a tsakiyar fili ba. Amma fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyin yana cikin wannan ƙwayar dawar. Cunkoson da ke wurin ya kai a ce da za ka cika ƙaramin cokalin shayi da zallar cibiyoyin atam, nauyinsa zai kai kimanin tan biliyan ɗaya.

Cikin cibiyar akwai 'yan gida iri biyu: furoton, mai ɗauke da cajin lantarki, da niyutiron wanda ba shi da caji, shi kuma James Chadwick ne ya gano shi a 1932. Cibiyar haidirojin furoton ɗaya ce tal. Amma in an ce cibiya mai nauyi, ana nufin irin ta dalma ko ta yuraniyum, inda za ka tarar da 'yan gida sama da 200 a ɗaki ɗaya. Yuraniyum-238, misali, furoton 92 ne da niyutiron 146. Kuma zaman nasu zaman doya da manja ne. Furoton suna ture juna saboda cajinsu iri ɗaya ne, amma akwai wani ƙarfi na daban, ƙarfin nukiliya, da ke riƙe kowa da maƙwabcinsa na kusa. Ana turawa, ana riƙewa. Duk labarinmu na yau a tsakanin waɗannan biyun yake.

Yanzu ga abu na farko da nake so ku riƙe. In cibiya tana zaune lafiya, ba wanda ya taɓa ta, tana kan matakinta na ƙasa, mu kira shi matakin kwanciya. In aka buge ta da wani abu, ko ta haɗiyi niyutiron, sai ta sami ƙarin kuzari ta hau sama. Wannan shi ne matakin zabura. Amma abin mamakin shi ne ba ta iya ɗaukar kuzari yadda ta ga dama. Mai kalangu yana iya matse tsarkiya a hankali, sautin ya riƙa hawa sannu-sannu ba yankewa. Cibiyar atam ba haka take ba. Ita kamar tsani ce: ko kana kan wannan matakin ko kana kan na gaba, babu tsayawa a tsakani. In kuma za ta sauko, sai ta tofar da rarar kuzarin a matsayin wani haske da ido ba ya gani, hasken gamma. Tunda tazarar matakan kowace irin cibiya daban take, hasken da kowace ke fitarwa shi ma daban yake, kamar zanen yatsa. Ma'aunin da ake auna wannan kuzari sunansa MeV. Ba sai kun haddace ma'anarsa ba, ku dai san cewa MeV ɗaya ya ninka kuzarin ƙwayar hasken da idonmu ke gani sau dubu ɗaruruwa.

To wa ke ɗaukar kuzarin in cibiya ta zabura? Nan masana suka rabu gida biyu.

Gida na farko suka ce cibiya kamar ɗigon ruwa take. Ku tuna ɗigon ruwan sama a kan ganyen gwaza: ya dunƙule, in ka taɓa ganyen sai ya yi rawa, ya miƙe, ya koma. George Gamow ne ya fara kawo wannan tunani, Niels Bohr na Denmak ya ƙarfafa shi a shekarun 1930. A wannan fahimtar, ba wani furoton ɗaya da ke da muhimmanci, duka jikin ne ke motsi tare.

Gida na biyu suka ce a'a, kowane furoton da niyutiron yana da kujerarsa. A 1949 Maria Goeppert Mayer a Amurka da Hans Jensen da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa kujerun nan jeri-jeri suke, kuma in jeri ya cika cif, cibiyar takan yi ƙarfi na musamman. Lambobin cikar su ne 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126. Kamar mota ce a tasha: in ta cika an rufe ƙofa, ba mai shiga ba mai fita cikin sauƙi. A wannan fahimtar, zabura na nufin mutum ɗaya ya tashi daga kujerarsa ya koma ta sama. Su biyun sun sami kyautar Nobel a 1963.

Matsalar ita ce kowane gida yana da gaskiya, kuma kowane yana da inda ya gaza. An auna wasu cibiyoyi masu nauyi aka ga sam ba zagayayyu ba ne kamar lemo, sun miƙe kamar ƙwai, kuma miƙewar ta fi ƙarfin abin da furoton ɗaya zai iya jawowa. A 1950 James Rainwater na Jami'ar Kolombiya ya ce ai 'yan tsirarun da ke jerin waje, waɗanda jerinsu bai cika ba, su ne ke jan sauran jikin har ya lanƙwasa. Aage Bohr, ɗan Niels Bohr, tare da Ben Mottelson a Kopenhagen suka ɗauki wannan suka gina cikakken bayani a farkon shekarun 1950: motsin ɗaiɗaiku da motsin taro suna tafiya ne tare, kowane yana shafar ɗan'uwansa. Su ukun suka karɓi Nobel a 1975. Wani abin sha'awa, an haifi Aage a 1922, shekarar da mahaifinsa ya karɓi tasa kyautar.

Wannan motsin taron shi nake kira girgizar gayya. Kun san gayya a gona: ba mutum ɗaya ke noman ba, samarin gari ne gaba ɗaya suke ɗaga fartanya su sauke a tare, bisa kiɗa ɗaya. Haka furoton da niyutiron masu yawa, kowane ya ɗan gusa kaɗan, amma da yake a tare suka gusa, sai ka ga duk cibiyar ta canja siffa.

Kuma rawar tasu kala-kala ce. Bari in kawo muku huɗu.

Ta farko, rawar ƙwai. Cibiya zagayayya ta miƙe ta zama kamar ƙwai, ta dawo, ta baje kamar waina, ta sake dawowa. Ita ce aka fi samu a matakan ƙasa-ƙasa. Tunda kuzari mataki-mataki yake zuwa, girgizar ma ƙunshi-ƙunshi take zuwa: ƙunshi ɗaya, ƙunshi biyu, babu ɗaya da rabi. Shi ya sa in cibiya mai irin wannan rawar ce, ana sa ran mataki na biyu ya ninka na farko. An daɗe ana ba da misali da kadmiyum-114: matakinsa na farko yana kan kimanin MeV 0.56, sannan ga wasu matakai uku a cure wuri ɗaya a wajen MeV 1.2.

Ta biyu, rawar gwanda. Gefe ɗaya ya kumbura, ɗayan ya tsuke, sannan su yi musaya. Babban misalinta dalma-208. Wannan cibiyar furoton 82 gare ta da niyutiron 126, wato motocinta biyu duk sun cika. Saboda haka taurin kai gare ta, ba ta zabura da ƙaramin bugu. Matakinta na farko sai ka kai MeV 2.6, kuma rawar gwanda ce. In ka mayar da wannan kuzarin zuwa yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, sai ka rubuta 6 ka jera sifili 20 a bayansa. Ku riƙe wannan 2.6 ɗin, za mu dawo kansa.

Ta uku, babbar girgiza. A nan duk furoton ne suke yin gefe ɗaya, duk niyutiron su yi ɗaya gefen, sannan su juyo, kamar ruwa na tangal-tangal a bokiti a kan mai ɗauka. A 1947 Baldwin da Klaiber a Amurka suka ga cibiyoyi masu nauyi suna haɗiye hasken gamma sosai in kuzarinsa ya kai wani mizani, shekara ɗaya bayan nan Maurice Goldhaber da Edward Teller suka bayyana dalili. A dalma-208 wannan na faruwa a wajen MeV 13 zuwa 14.

Ta huɗu, numfashi. Cibiyar ba ta canja siffa, kumbura kawai take yi ta tsuke, kamar ƙirji. An tabbatar da ita a gwaje-gwaje a 1977. Amfaninta? Tana gaya mana yadda naman cibiya yake da wuyar matsewa. Wannan adadin masu nazarin sararin samaniya suke buƙata don fahimtar tauraron niyutiron, gawar tauraro da ta fi rana nauyi amma faɗinta bai wuce kilomita ashirin da 'yan kai ba. Ka ga ikon ilimi: ka auna abin da ya fi ƙura ƙanƙanta a ɗakin gwaji, ka fahimci abin da ke can ƙarshen sama.

Ban da girgiza akwai juyi. Cibiyar da dama can siffar ƙwai gare ta, kamar yuraniyum-238, tana iya wulwulawa gaba ɗayanta. Juyi ba ya cin kuzari da yawa: matakin farko na yuraniyum-238 yana kan MeV 0.045 kacal, na biyu 0.148. Raba na biyu da na farko, za ka sami kusan 3.3. To ga dabarar masana: in rabon ya kusa 2, suna zargin girgiza ce, in ya kusa 3.3, juyi ne, kuma cibiyar miƙaƙƙiya ce. Babu wanda ya taɓa ganin cibiyar atam da ido, amma daga tazarar matakanta ake gane siffarta, kamar yadda za ka ƙwanƙwasa tulu ka san ko da ruwa a ciki ko ya tsage.

Yanzu mu koma tambayarmu ta farko.

A ƙarshen 1938, Otto Hahn da Fritz Strassmann a Balin suka harbi yuraniyum da niyutiron, sai suka tarar da bariyum, wanda nauyinsa bai fi rabi da kaɗan na yuraniyum ba. Lise Meitner, wadda ta gudu daga Jamus saboda mulkin Nazi, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka warware abin da tunanin ɗigon ruwa. Niyutiron ya shiga, cibiya ta zabura ta fara rawar ƙwai. In rawar ba ta yi tsanani ba, ƙarfin riƙo zai dawo da ita, ta tofar da gamma ta kwanta. In kuwa ta miƙe ta wuce wani iyaka, sai tsakiyarta ta tsuke kamar ƙugun kalangu, ɓangarorin biyu su yi nisa da juna, riƙon ya saki, turin furoton ya yi nasara. Sai ta tsage biyu, ta saki kusan MeV 200 da ƙarin niyutiron biyu ko uku, su kuma su je su tsaga wasu. Wato fashewar nukiliya girgizar gayya ce da ta wuce gona da iri.

Iyakar nan kamar katanga ce, kuma a yuraniyum tsayinta ya kai kimanin MeV 6. Ga inda bambancin yake. Niyutiron suna son zama bibbiyu. Yuraniyum-235 yana da niyutiron 143, wato akwai gwauro ɗaya a gidan. In baƙon niyutiron ya shigo, ko da a hankali ya zo, sai ya sami abokin zama, kuma wannan haɗuwar tana sakin ƙarin kuzari. Jimillar zaburar takan kai kimanin MeV 6.5, ta haye katanga. Shi kuwa yuraniyum-238 niyutiron 146 gare shi, kowa da abokinsa. Baƙo in ya zo shi ne zai zama gwauro, zaburar ba ta wuce kimanin MeV 4.8. Ba ta kai katanga ba. Sai dai in niyutiron ɗin ya zo a guje da nasa kuzarin na kusan MeV ɗaya ko fiye.

To a cikin yuraniyum ɗin da ake haƙowa, a Arlit ne ko a Kanada ko a Kazakistan, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai 235. Sauran kusan duka 238 ne. Tacewa ita ce ƙara yawan 235 ɗin: kashi 3 zuwa 5 don yawancin tashoshin lantarki, wajen kashi 90 don makami. Kun ga ke nan, duk takunkumin nan da tarukan manyan ƙasashe, tushensu tazarar da ba ta kai MeV biyu ba ce a cikin rawar wata cibiya. Kuma nan ne darajar take. Mai haƙo dutse yana sayar da ɗanye, mai tacewa da sarrafawa shi ke da ta cewa.

Sai mu dawo kan 2.6 ɗin nan na dalma. Akwai wani ƙarfe mai suna toriyum, wanda yake ruɓewa sannu a hankali, daga wannan sinadari zuwa wancan, har ya ƙare a dalma-208. A ɗaya daga cikin hanyoyin matakin ƙarshe, dalmar takan fito a zabure, ta yi rawar gwandarta, ta tofar da gamma mai MeV 2.6. Wannan hasken yana da ƙarfin ratsa iska mai nisa, har jirgin sama mai tashi ƙasa-ƙasa ɗauke da na'ura yana iya kama shi. Da shi masu binciken ma'adinai suke zana taswirar inda toriyum yake. Yuraniyum ana bin sawunsa da gamma mai MeV 1.76, fotasiyum kuma 1.46. An yi irin wannan shawagin a sararin Najeriya. Kuma wannan ya shafe mu kai tsaye: a tudun Jos, tarin ƙasar da aka bari bayan haƙar kuza yana ɗauke da ma'adinai masu toriyum, shi ya sa masana ke gargaɗi a kan ɗibar irin wannan yashin a yi gini da shi ba tare da an auna ba. Abin da zai gaya maka ko yashin lafiya yake ko a'a, shi ne wannan hasken da cibiya ke fitarwa in tana saukowa daga zabura.

A Zariya ma, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike mai suna NIRR-1, wanda ya fara aiki a 2004. Ba lantarki yake bayarwa ba. Babban aikinsa shi ne a saka samfurin ƙasa, ko dutse, ko abinci, a yi masa ruwan niyutiron, sannan a karanta hasken gamma da ke fitowa a san sinadaran da ke ciki, ko da ɗan mitsitsi ne. A 2018 aka sauya masa mai daga yuraniyum mai tacewa sosai zuwa mai ƙarancin tacewa. Gana ma tana da irinsa a kusa da Akara. Haka a asibiti, injin gashin kansa mai amfani da kobal-60, hasken da yake harba wa ƙari yana fitowa ne daga cibiyar nikel-60 da ke saukowa daga zabura, mataki biyu, MeV 1.17 da 1.33.

Kada kuma ku ɗauka an gama binciken nan an rufe littafi. A wani bincike da aka wallafa a 2013, a cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, an auna radiyum-224 an ga alamar shi ba rawar gwanda kawai yake yi ba, siffar gwandar ce ta zauna masa dindindin, alhali radon-220 girgizawa kawai yake yi ya dawo. Masana suna son irin waɗannan cibiyoyin don gwaje-gwajen da ke neman dalilin da ya sa duniya ta cika da irin kayan da aka yi mu da su, kishiyarsu kuwa ta yi ƙaranci. Shi kansa kadmiyum da aka yi shekaru ana koyar da shi a matsayin gwanin rawar ƙwai, sababbin awo sun sa masana da dama suna ganin labarin ya fi haka sarƙaƙiya, wataƙila siffofi daban-daban ne suke zaune a cibiya ɗaya. Ni wannan ne ya fi burge ni da kimiyya: ko abin da ke cikin littafin aji, in awo ya ƙi shi, sai a sake zama.

Abin da nake so mu ɗauka a nan, 'yan'uwa matasa, shi ne wannan. Muna yawan cewa a bar mana arzikinmu, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya iya karanta hasken da ƙasarka ke fitarwa ya riga ka sanin abin da ke cikinta, kuma shi zai faɗi farashi. In an zo zancen kwangilar ma'adinai, ko gina tashar nukiliya, ko ƙurar da ke tashi daga ramin haƙa zuwa cikin gari, wa zai zauna a teburin a madadinmu ya duba alƙaluman ya ce wannan daidai ne, wannan ba daidai ba? Sai wanda ya yi haƙurin zama da fiziks da lissafi. Don haka in kana da ƙane ko ƙanwa da ke son fiziks, kada ka ce musu "wannan karatun ina zai kai ka". In kai ne kake karanta shi, riƙe da kyau, ka nemi sanin abin da ake yi a Zariya da makamantanta.

Ga tambayar da zan bar muku: a makarantar da kuka yi, an taɓa nuna muku na'urar auna hasken nukiliya ido da ido, ko a allo kawai aka zana muku ita? Ku faɗa mana a ƙasa, ku kuma tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.